Tsumman da Aka Raɗa wa Suna

Zani ba ya tsufa rana ɗaya, kuma duk matakalar da ya sauko sai Bahaushe ya canza masa suna. Ranar da ya shigo gida a akwatin lefe turmi ne, mata na shafawa suna tambaya ko atamfar Holan ce. Da tela ya taɓa shi ya zama kayan fitar biki, ba a ɗaura shi sai an turara. Bayan Sallah biyu ko uku ya koma na zuwa unguwa, daga nan na zaman gida. In ya yi sa'a aka ba ƙanwa ko 'yar aiki, sunansa kwance. In bai yi ba a raba shi biyu, rabi majanyi, rabi gammon ɗaukar ruwa. Sai sunan ƙarshe, wanda babu wani a bayansa: tsumma. Na goge daɓe, na sauke tukunya, na toshe kafar da ɓera ke bi.

Kalmar ba ta da mutunci a bakinmu. In an ce wane yana yawo cikin tsumma, ko dai talauci ya yi masa katutu ko hankali ya gushe. In mace ta ce miji ya mayar da ita tsumma, ba sai ta ƙara bayani ba. Ko ɓarawo ba ya waiwayarsa a kan igiyar shanya. Amma akwai ƙofa guda da tsumma ke bi ya sake hawa, har ya wuce matsayinsa na ranar da yake turmi, domin turmi komai tsadarsa kaya ne, wannan ƙofa kuwa 'ya take mayar da shi. A ɗinke shi, a cusa masa auduga, a fitar masa da hannu da ƙafa, a miƙa wa yarinya 'yar shekara huɗu. Daga ranar ba mai ƙara ce masa "shi". Ya zama "ita". Ana goya ta, ana yi mata wanka, in ta ɓace gidan ba mai barci. Sunanta 'yar tsana, kuma rabin farko na sunan ne ke aiki.

A ƙasar nan da wuya a sami garin da ya san darajar tsofaffin tufafi kamar Jos. Dalilin ba wata falsafa ba ce, sanyi ne. Garin yana kan tudun da tsayinsa ya haura mita 1,200, kuma daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 10 a wasu ranaku. Basakkwace zai iya ƙare rayuwarsa da suwaita ɗaya. Ɗan Jos kuwa tun yana goye ake nema masa hular ulu da safa da bargo. Sababbinsu sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, shi ya sa gwanjo ya zama suturar kowa, daga malamin jami'a har mai sayar da dankali a Farin Gada. A kasuwar Katako da ke Laranto, da kewayen Taminus inda 'yan kasuwa suka bazu a bakin titi bayan da babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, dila ce ke juya kuɗi. A takarda, dokar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigo da tsofaffin tufafi. A zahiri kuwa suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano su ratso iyaka, kowa na gani.

Wanda bai taɓa tsayawa wurin fasa dila ba bai san yadda tsohon kaya ke ruɗa manya ba. Da an datse ƙarfen ɗauri sai dilar ta kumbura, warin maganin feshi ya tashi, hannuwa su rufe ta. Masu shaguna ne ke zaɓen fari su kwashe lamba ɗaya, sai masu baza kaya a ƙasa, abin da ya rage a tara shi tsibi yaro ya tsaya a kai yana kiran farashi ɗaya. Asalin gwanjo ke nan a Hausa, cinikin da ake yi da shela wanda ya fi tayi ya ɗauka, kafin kalmar ta tare a kan tsofaffin kayan Turai. 'Yan kudu suna ce musu okirika, da sunan garin Okrika na jihar Ribas. Akwai kuma dilar da babu tufa ko ɗaya a cikinta, sai kayan wasan yara masu laushi: zomaye, karnuka, birai, da tarin dabbar nan da yaranmu ke kira tedi. Wani idonsa ɗaya ya fita, wani kunnensa ya sha tsotso har gashin ya ƙare, wani an rubuta sunan mai shi da biro a 'yar takardar da ke gefensa. Abin da wani yaro a Ingila ko Kanada ya gama da shi, a nan sai a wanke, a shanya, a rataye a igiya ya zama tsarabar Sallah ko ta Kirsimeti.

Turawa sun ware kalma ta musamman ga tsohon abin da tsufa ya ƙara wa kuɗi, har 'yan matanmu masu sayar da gwanjo a Instagram sun ara suna liƙa wa duk rigar da ta yi kama da ta kakanni. Mu namu kalmomin da yawa ne, kowace da halinta. "Tsohon yayi" raini ne. "Na da" yabo ne, irin wanda tsofaffi ke yi wa kwanon samira da keken Rali, wato abin da aka yi shi don ya daɗe. "Na gado" kuwa ya fi ƙarfin ciniki: rigar saƙi ko ta tsamiya da uba ya bari, wadda ake cirowa daga ƙasan adaka ranar Sallah. Mun yarda da tsohuwar zuma ake magani, amma a fagen tufafi mun taƙaita wannan karamci ga rigunan maza masu aska da alkyabbar sarauta. Zanin mace, wanda ya goyi 'ya'ya shida, ya yi zaman jinya, ya je makoki da suna, shi ba ya zama na gado. Tsumma yake zama. A ganina nan ne mai ɗinka 'yar tsana ke gyara wani rashin adalci da harshe ya yi, ko da ita ba ta ɗauki aikinta haka ba.

Jos ta taɓa ganin irin wannan a ƙasa, ba a tufa ba. Lokacin da kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, akwai wani baƙin ma'adini da ke biyo ta, suna tsame shi suna zubarwa. Da aka gano amfaninsa wajen ƙera ƙarfen da ke jure zafi, sai aka koma kan tsofaffin jujin ana tonewa, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, wato kolumbait, a shekarun 1950. Har gobe mata na wanke ragowar yashin a bakin kududdufan Bukuru da Barikin Ladi.

Sai dai a bambance tsumma da ƙyalle, domin da su biyun ake yin 'yar tsana. Tsumma ya yi rayuwa ya gaji. Ƙyalle kuwa sabo ne fil, laifinsa kawai ƙanƙanta: shi ne abin da almakashi ya bari bayan an fitar da wuya da hammata, bai taɓa hawa jikin kowa ba. Tun da can akwai 'yar tsama tsakanin tela da mai kaya a kansa, har malamai na shan tambaya ko ragowar yadi halalin tela ne. Amsar da aka saba ji ita ce babba na mai shi ne sai in ya yafe, ƙananan da aka saba bari kuwa ba laifi. Waɗannan ƙananan su ne rabon yara. Duk wanda ya zauna a shagon tela a Gangare ko Unguwar Rogo ana saura mako Sallah ya san su: 'yan mata biyu ko uku a bakin ƙofa, wannan na tura wannan, ƙaramar ce ke ƙarfin halin magana.

"Baba, wai don Allah a sam mana ƙyalle."

"Na jiya fa? Cinyewa kuka yi?"

"Na jiya zani muka yi mata. Yau ɗankwali muke so, gobe za a kai ta ɗakin miji."

Tela ya yi dariya, ƙafarsa ba ta bar keke ba, ya nuna musu buhun bayan ƙofa da haɓa.

Buhun nan ya cancanci a leƙa shi. Tun rikicin 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, unguwannin Jos suka rabu, mutane suka sayar da gidajen da aka haife su a ciki suka koma inda masu irin addininsu suka fi yawa. Amma mata da yawa ba su daina bin telan da ya iya hannu ba, ko a wace unguwa yake. Shi ya sa a buhu ɗaya za ka tarar da ragowar ankon bikin Hausawa, da guntun atamfar Zumuntar Mata mai tambarin coci, da yadin kayan makaranta, da rabin fuskar wani ɗan takara daga atamfar kamfe. Ba na cewa buhun tela zai sasanta abin da kwamitocin bincike suka kasa. Abin da na lura kawai shi ne yarinyar da ke tsugune tana tona shi launi take nema, kuma 'yarta kan fita da zani daga wannan ɓangare na gari, ɗankwali daga wancan.

Kafin keken ɗinki ya yawaita, 'yar tsanar Bahaushiya ba lallai ta tsumma ba ce. Ƙashin ƙafar rago bayan layya, a kankare a shanya, kan gaɓar ya zama kai, ko karan dawa, ko totuwar masara, ko yumɓu. Tsumma sutura ce kawai a lokacin. Maza kuwa nasu rabon ƙwallo ne, a cusa tsumma a tsohuwar safa a ɗaure tam a buga har ya tarwatse, kuma a garin Mighty Jets da Plateau United ba a raina wannan ƙwallo. A duk waɗannan ba babba ke yi wa yaro ba. Yaron ne maƙerin abinsa. A nan yarinya ke fara riƙe allura, ta soki yatsa, ta koyi ƙulla bakin zare.

Wata tela da na sani a Nasarawa Gwom tana yin 'yan tsanan sayarwa in ɗinki ya yi sauƙi, kuma a wurinta na ga cewa ba kowane tsohon zani ke yi ba. Takan ɗaga shi ta fuskanci rana. Tsakiya, inda ake zama, ya riga ya yi shara-shara, ja ɗaya zai yage. Gefe-gefe da bakin zani su ne ke da sauran ƙarfi. Tsohuwar atamfa ta fi sabuwa a wannan aiki, don sitaci ya fita, rini ya gama zuba, ta yi laushin da ba ya kartar kumatun jariri. Shadda santsi gare ta, bakinta na zarewa. Saƙi kuwa in ba a bi gefensa da ɗinki kafin a yanka ba sai ya warware a hannu. Tsohon bargo da tawul su ne na dabbobi. Komai sai ya sha wanki da ruwan zafi ya bushe ƙayau a rana, musamman abin da ya fito daga dila.

Sannan ta ɗora kwalin da ta yanka siffar jiki, ta zagaye da alli, ta fitar da gaba da baya. A baibai ake ɗinkewa, a bar 'yar kafa a kwiɓi. Kafin a juya sai an ɗan tsattsaga bakin ɗinki a hammata da wuya da tsakanin ƙafafu, in ba haka ba wurin ya tattare. Da bayan fensir ake juyawa, hannu da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan lokacin abin ba shi da kyan gani, fata ce kawai a yashe. Cusawa ce ke ba shi jiki: audugar rimi in an samu, ko cikin tsohon matashi, ko ƙyallen da aka daddatsa ƙanana. Kaɗan-kaɗan ake turawa, a fara da tafin ƙafa. Mai gaggawa 'ya mai ƙulu-ƙulu za ta samu. A wuya gwaninta ke bayyana, don in bai cika tam ba kai zai langaɓe. Gashi kuwa kyautar sanyin Jos ce. A samo tsohuwar baƙar suwaita a warware, zaren zai fito a nannaɗe saboda daɗewa a saƙe, sai ka ce don kan 'ya'yanmu aka yi shi. Da shi ake yi mata shuku ko kalaba.

Wahalar telar ɗaya launin fata. Yadi mai ruwan ƙasa ba shi da yawa a buhun tela, sai ta bi wandunan gwanjo, ko ta jiƙa farin ƙyalle a ruwan shayi mai kauri. Ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan tsanan roba da suka cika kasuwa, waɗanda yara ke kira bebi, kusan duk farare ne masu shuɗin ido. Wannan ne ya sa Taofick Okoya na Legas ya fara fitar da 'yan tsanan Queens of Africa a 2007, baƙaƙe cikin atamfa, har da ta Hausawa mai suna Azeezah. Nasa na roba ne, sai da masana'anta. Ta tsumma kuwa a kan tabarma ake yin ta, ta fito da kamar mai goyonta.

Daga nan sai fuska, inda hannun mata da yawa ke tsayawa. "Hajiya, a sa mata ido ko a bari?" ita ce tambayar da telar kan yi wa mai saye kafin ta zura zare. Wasu su ce a sa. Wasu su ce a'a, kada mala'iku su ƙi shiga gida. Domin siffar mutum da hannu ya yi tana da sunaye fiye da ɗaya a Hausa, kuma ba siffar ce ke zaɓar sunan ba. In an durƙusa mata, gunki ne. In an kafa ta a gona don korar tsuntsaye, ko a shataletale don tunawa da wani, mutum-mutumi ne. In boka ya riƙe ta da allura, yadda finafinai suka cusa mana a kai, sammu ne. In yarinya ta goya, 'ya ce.

Gidan tarihi na Jos kansa da irin wannan sauyin suna ya fara. A 1943 wani akawun ma'adinai a yankin Jama'a, kudancin Kaduna a yau, ya tsinci kan mutum na gasasshen yumɓu a wurin haƙar kuza, ya kai gonarsa ta doya ya kafa, ya shekara yana yi masa gadi. Da abin ya kai ga Bernard Fagg, jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilmin tone-tonen tarihi, sai ya ga kamarsa da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan aka gane wayewar Nok mai shekaru fiye da 2,000, kuma Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin a 1952. Yumɓun bai canza ba. A gona mutum-mutumi ne, a bayan gilashi dukiyar ƙasa.

A 2021 hukumar Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu shaguna kafa mutum-mutumin tallan kaya sai marar kai, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Amma 'yar tsanar yara tana da hujjar da ta girmi wannan muhawara nesa ba kusa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawud kuwa iska ce ta yaye labule ya hango su, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaya, ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Haka nan Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda matan Ansar ke yi wa yara abin wasa na ulu ranar Ashura, don su shagala da shi su kai azumi. Wato kayan wasan da aka ambata irin namu ne sak, ƙyalle da ulu, aikin gida. A kan wannan akasarin malamai suka ware 'yar tsanar yara daga hani, wasu kuma suka fi natsuwa da wadda ba a fayyace fuskarta ba. Ba ma Musulmi kaɗai ba, Kiristocin Amish na Amurka an san su da 'yan tsanan tsumma marasa fuska. Su yaran ba ruwansu. Na ga wadda aka ba marar fuska ta ɗauki biro ta zana mata ido, na kuma ga wadda ta bar ta haka ta ce barci take yi.

Manya ne suka ɓata sunan. In muka ce an mayar da wance 'yar tsana, muna nufin ba ta da ta cewa: a yi mata ado, a ajiye, a ɗauka, a yar in an gaji. Da wannan ma'ana Ibrahim Sheme ya sa wa littafinsa na 2003 suna 'Yartsana, labarin macen da rayuwa ta jefa karuwanci. A siyasa ma haka ake ce wa shugaban da wasu ke juyawa daga bayan labule. Ma'anar ta zauna, ba kuma za ta tashi ba. Amma duk wanda ya saurari yarinya da 'yarta ya san ba daga wurin yara muka samo ta ba. A hannun yarinya babu mai taurin kai kamar 'yar tsana. Ta ƙi cin tuwon ƙasa, ta yi fitsarin kwance, zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare, ta yi rashin kunya a yi mata faɗa da irin muryar da uwa ta yi wa mai ita faɗa da safe, ba ragi ba ƙari. Ana yi mata suna a raba tsakuwa a matsayin goro. Ana yi mata aure da jeren murafun kwalba da gwangwanin tumatir. Uwar da ke son jin yadda take magana da 'ya'yanta, ta laɓe ta saurari wannan wasa.

Ita ma babbar sana'ar kayan wasa masu laushi ta duniya daga teburin tela ta taso. Margarete Steiff, wata tela a garin Giengen na Jamus wadda shan inna ya zaunar a keken guragu, ta ɗinka 'yar giwa a 1880 don soke allurai, yara suka mayar da ita abin wasa. Ɗan ɗan'uwanta Richard ne ya tsara beyar mai motsa hannu da ƙafa a 1902, shekarar da shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ƙi harbin wani beyar da aka ɗaure masa a wurin farauta, abin da ya sa laƙabinsa, Teddy, ya bi dabbar har Katako. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaranmu na kwana rungume da dabbar da babu ita a dajinmu, babu ita a tatsuniyarmu, ko sunan kirki ba mu da shi gare ta, alhali za ka zagaye Taminus ba ka ga Gizo ko Ƙoƙi ko kura na sayarwa ba. Ga giwayen Yankari nan kusa a jihar Bauchi, ga tsofaffin barguna masu ruwan toka jibge a Katako, waɗanda za a iya ɗinka giwa da su.

Sai dai kada a yaudari kowa cewa akwai arziki a kwance. 'Yar tsana ɗaya mai kyau takan ci wuni, wani lokaci da ɗoriya, alhali a wunin tela za ta ɗinka riga da zani ta karɓi kuɗi mai kauri. Ga kuma bebin roba daga Sin da tedin gwanjo, waɗanda ba za ta taɓa karya farashinsu ba. Mai saye kuwa da ta ji an ce da tsohon zani aka yi, sai ta ga ai kyauta ya kamata a ba ta: "Haba 'yar'uwa, tsumma ne fa!" Kalmar ta biyo kayan har wurin ciniki tana rage masa kuɗi. Abu guda mai wannan sana'a ke da shi wanda dila ba ta da shi: an san zanin. Tedin gwanjo tarihinsa na wani ne, a can ƙetaren teku ya tsaya. Amma in mace ta kawo zanin mahaifiyarta da ta rasu, bayan an yi rabon gado an fitar da na sadaka, ta ce a fitar wa jikoki uku 'ya ɗai-ɗai daga ciki, abin da za ta karɓa ba ya cikin kowace dila. Na san akwai masu ƙyamar wannan, suna ganin kayan mamaci sadaka ta fi dacewa da su. Suna da gaskiya a kan wanda ke da sauran sawa, mai buƙata ya fi 'yar tsana haƙƙi. Maganata a kan wanda ya wuce sawa ce, wanda in an ba miskini ma cin fuska ne. Shi ne ke ƙarewa a gindin murhu.

Abin da na fi tsoro ba rashin kasuwa ba ne. Tsorona kada abin ya koma sana'ar manya zalla, yarinya ta zama mai karɓa kawai, ga waya a ɗaya hannun. 'Yar tsanar da aka saya, komai kyanta, ba ta koya wa kowa zura zare. Saboda haka roƙona ga telolin Jos, daga Dilimi har Bukuru, buhun bayan ƙofa kada a ƙona shi, kada kuma a juye shi a kwata ya toshe hanyar ruwa da damina. A bar shi inda yara za su gani. Ku kuma iyaye mata, in 'yarku ta kai shekara shida ko bakwai ku ba ta allura da zanin da kuka gaji da shi, ku zauna kusa da ita. In kuwa ƙanenta za a yi wa, wanda bai kai shekara uku ba, a yi idon da zare, kada a sa maɓalli ko dutsen ado, don duk abin da ya ciru baki zai kai.